Yadda Ake Auna Shawarar Haihuwa Cikin Ruwa Bayan Samun Ciki Ta Dashen Ƙwai

Matar da ta samu juna biyu ta hanyar dashen ƙwan haihuwa, wanda likitoci ke kira IVF, yawanci ta iso ga cikin ne bayan shekaru na jira da allurai da kashe dukiya, saboda haka duk shawarar da ta shafi ranar haihuwarta tana da nauyi na daban a wurinta da wurin maigidanta. Dashen ƙwai shi ne a ciro ƙwan mace a haɗa shi da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, sannan bayan kwana uku zuwa biyar a mayar da abin da ya ƙullu cikin mahaifarta. A garin Oldham na Ingila aka haifi jaririyar farko ta wannan hanya a 1978, bisa aikin Patrick Steptoe da Robert Edwards, a Najeriya kuwa Dakta Ibrahim Wada ya samu irin wannan nasara a Abuja a 1998. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zaman da ta yi a Amman a 1986, ta halatta aikin muddin ƙwan da maniyyin na ma'auratan ne.

Haihuwa cikin ruwa kuwa ita ce mai naƙuda ta shiga babban baho mai ruwan ɗumi, domin ruwan ya ɗauke mata nauyin jiki, ya sassauta tsokokinta, ya rage mata raɗaɗi. Likitan nan Michel Odent ne ya yaɗa ta daga asibitin Pithiviers na Faransa, ya kuma buga rahotonsa a mujallar Lancet a 1983. Ga macen da ke zaune a Ƙofar Gayan ko wata unguwa ta cikin ganuwar Zariya, dashen ƙwai shi kaɗai ba ya haramta mata shiga ruwa. Abin da ke yanke hukunci shi ne halin da cikin yake a makonninsa na ƙarshe, da kuma shirin wurin da za a haihu.

Mataki na farko: a rarrabe naƙuda cikin ruwa da haihuwa cikin ruwa

Naƙuda tana da zango uku. Na farko shi ne buɗewar bakin mahaifa har ya kai santimita 10, na biyu shi ne yunƙuri da fitowar jariri, na uku kuma fitowar mabiyiya, wato uwar da ke ciyar da jariri ta igiyar cibiya. Mace tana iya yin zango na farko cikin ruwa, ta fito ta haihu a kan gado, tana kuma iya zama a ciki har jaririn ya fito, kuma hujjojin da ke bayan waɗannan biyun ba ƙarfinsu ɗaya ba. Bitar da cibiyar Cochrane ta fitar a 2018, wadda ta tattara gwaje-gwaje 15, ta nuna cewa zama cikin ruwa a zango na farko yana ɗan rage buƙatar allurar kashe zafi ta baya. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka, a matsayarta ta 2016, ta yarda da shiga ruwa a zango na farko ga mai lafiyayyen ciki daga mako 37 zuwa ƙarshen mako 41, amma ta fi son a haihu a wajen ruwa. A Birtaniya kuwa, wani babban nazari da Jami'ar Cardiff ta jagoranta, wanda aka buga a 2024, bai ga ƙarin haɗari ba ga matan da cikinsu ba shi da wata matsala da suka haihu cikin ruwa a hannun ƙwararrun ungozomomi. Abin lura shi ne an gina wannan sakamako a kan zaɓaɓɓun mata da asibitoci masu cikakken shiri, don haka mai cikin dashe za ta fi samun natsuwa idan ta fara da tambayar zango na farko kafin ta kai ga ta biyu.

Mataki na biyu: a tantance cikin ta hanyar awo

Cikin dashe yana da fa'ida guda da sauran ciki ba su da ita, wato sanin shekarunsa ba tare da kintace ba, domin idan an dasa ƙwai mai kwana biyar, ranar da ake sa ran haihuwa tana zuwa ne kwana 261 bayan dashen. Sai dai yana zuwa da wasu matsaloli fiye da cikin da aka samu ta hanyar da aka saba: tagwaye idan an dasa ƙwai fiye da ɗaya, haihuwar bakwaini, hawan jinin ciki wanda kan kai ga jijjiga, zaman mabiyiya a ƙasan mahaifa har ta tare ƙofa, da zubar jini bayan haihuwa. Wani sashe na wannan yana da nasaba da shekarun uwa da dalilin da ya jinkirta haihuwar tun farko, shi ya sa ake duba kowace mace da tarihinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, kuma mai cikin dashe ta fi kowa buƙatar cika wannan adadi a hannun likitan mata. Ya kamata ta kai wa asibitin awo dukkan takardun cibiyar da aka yi mata dashen, a riƙa auna jininta da fitsarinta, a gwada yawan jini da rukuninsa da sukari da ciwon hanta da ƙanjamau. Hoton ciki na wajen mako 20 shi ne zai nuna inda mabiyiya ta zauna da inda igiyar cibiya ta shige ta, idan kuma an samu mabiyiyar a ƙasa sai a sake hoton a wajen mako 32. Darajar awo a wannan gari tsohon darasi ne, domin binciken da Farfesa Kelsey Harrison ya gudanar a Zariya a kan haihuwa 22,774, wanda aka buga a 1985, ya nuna cewa matan da suka iso asibiti ba tare da awo ba sun fi masu awo mutuwa da tazara mai nisa.

Mataki na uku: a san abubuwan da ke soke shawarar

A wajen mako 36 ake zama da likita a yanke magana. Ba a shiga ruwa idan cikin na tagwaye ne, ko jaririn ya kwanta a gicciye ko zai zo ta ɗuwawu, ko naƙuda ta taso kafin mako 37, ko akwai zubar jini, hawan jini, zazzaɓi, ko ƙarancin jini mai tsanani, ko jaririn bai girma yadda ya kamata ba. Mabiyiyar da ta tare ƙofar mahaifa tana wajabta tiyata ne kai tsaye. Wadda aka taɓa yi wa aiki a mahaifa, ko na ciro jariri ko na cire ƙari, tana buƙatar sa ido na kusa wanda ruwa ke wahalar da shi. Haka nan likitoci da dama sukan ba mai cikin dashe shawarar tayar da naƙuda idan lokaci ya cika, musamman wadda ta kai shekara 40, kuma idan aka ɗaura mata ruwan naƙuda, sauraren zuciyar jariri ba ƙaƙƙautawa shi ne ke zama wajibi. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, barin shawarar shi ne daidai, kuma babu gazawa a cikinsa.

Mataki na huɗu: a binciki wurin haihuwa da ruwansa

Bahon naƙuda ba kaya ne da aka saba gani a ɗakunan haihuwa na asibitocin arewa ba, saboda haka wajibi ne ma'aurata su tambaya da bakinsu tun ciki yana wata shida ko bakwai, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mazauna Zariya suna da Babban Asibitin Hajiya Gambo Sawaba a nan Ƙofar Gayan, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a kan hanyar Funtuwa, inda ake tura masu ciki mai wahala, kuma likitocin waɗannan wurare ne suka fi dacewa a fara neman ra'ayinsu. Duk asibitin da ya ce yana karɓar haihuwa cikin ruwa, a tambaye shi ko ungozomominsa sun samu horo a kai, ko yana da na'urar sauraren zuciyar jariri wadda ruwa ba ya lalatawa, yadda ake fitar da mace daga baho idan ta suma, da kuma ko akwai ɗakin tiyata, jinin ƙari, iskar numfashi, da mai farfaɗo da jarirai dare da rana.

Batun ruwan kansa yana buƙatar tsayawa. Baho ɗaya yana cin ɗaruruwan lita, kuma dole ruwan ya kasance mai tsabtar da za a iya sha, a zuba shi sabo bayan naƙuda ta fara, a wanke bahon da maganin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin mace da mace. A 2014 hukumomin lafiya na Ingila sun yi gargaɗi a kan bahon da ake cikawa a gida a bar shi da ɗumi kwana da kwanaki, bayan da wani jariri ya kamu da ƙwayar cutar huhu mai suna Legionella. A unguwannin da gidaje suka dogara da rijiya da burtsatse da 'yan garuwa, tabbatar da wannan tsabta a cikin gida yana da wuya ƙwarai, kuma idan aka haɗa shi da nisan ɗakin tiyata, hukuncin a bayyane yake: mai cikin dashe kada ta gwada wannan a gida, ko da ungozomar unguwa ta ƙware. Idan ba a samu asibiti mai baho ba, kwarara ruwan ɗumi a gadon baya, da gasa ƙugu da tawul mai ɗumi, da tattaki, da sauya kwanciya suna ba da wani kaso na wannan sauƙi.

Mataki na biyar: a shigo da iyali, a rubuta shiri

A gidan Bahaushe haihuwa, musamman ta fari, tana hannun uwa da uwar miji da gwaggonni, kuma kunya kan hana mace faɗin abin da take so ko sanar da farawar naƙuda. Ya dace maigida ya halarci zaman mako 36, sannan a yi wa manyan mata bayani da girmamawa, a kuma tabbatar musu cewa sutura ba ta faɗuwa, domin mace tana shiga ruwa da riga mara nauyi kuma tana iya neman mata su kula da ita. A rubuta a katin awo abin da aka amince da shi da sharuɗɗan fita daga ruwa, a tanadi abin hawa na dare, da kuɗin tiyata ko da ba za a yi ta ba, da 'yan'uwa biyu masu iya ba da jini.

Mataki na shida: ranar naƙuda

Kafin shiga baho ungozoma za ta auna hawan jini da zafin jiki da bugun zuciyar jariri, ta tabbatar kai ne a gaba kuma naƙuda ta kankama. Ruwan ya rufe ciki ya kai ƙirji idan mace ta zauna, zafinsa kuma kada ya wuce digiri 37.5, a riƙa duba shi da zafin jikin uwa kowace awa, domin jariri ya fi uwarsa ɗumi, kuma ruwa mai zafi yana hanzarta zuciyarsa ya ƙara masa buƙatar iska. Ana sauraren zuciyarsa kowane minti 15 a zango na farko da kowane minti 5 a na biyu, bugun da ake so kuwa tsakanin 110 ne da 160 a minti. Uwa ta riƙa kurɓar ruwa, ta fita yin fitsari, kada a bar ta ita kaɗai, kada kuma ta shiga ruwa cikin awa biyu bayan allurar kashe zafi mai sa barci. Ana fitar da ita nan take idan jini ya ɓalle, ko ruwan faya ya fito kore saboda kashin jariri, ko bugun zuciyarsa ya sauya, ko zazzaɓi ya taso, ko naƙuda ta tsaya.

Idan an amince ta haihu a ciki, jaririn zai fito gaba ɗayansa a ƙarƙashin ruwa, inda lafiyayyen jariri ba ya jan numfashi domin igiyar cibiya tana ci gaba da ba shi iska, sannan a ɗago shi a hankali ba jinkiri, kuma da zarar fuskarsa ta sha iska ba a mayar da ita. Ana ɗagawar ne ba tare da fizga ba, saboda tsinkewar igiyar cibiya ta fi aukuwa a haihuwar ruwa, kuma maganinta shi ne a matse ta da gaggawa.

Mataki na bakwai: mabiyiya da kwanakin jego

Tun da mai cikin dashe ta fi fuskantar zubar jini, kuma ƙiyasta jini cikin ruwa yana da wuya, ya fi dacewa ta koma gado don fitar mabiyiya, a yi mata allurar tsuke mahaifa da zarar jariri ya fito, a ɗauki zubar da ta kai rabin lita a matsayin abin gaggawa. A tsane jariri, a ɗora shi a ƙirjin uwa, a fara shayarwa cikin awa ta farko.

Wajibi ne kuma iyali su bambanta ruwan ɗumin naƙuda da wankan jego, wanda ake yi da tafasasshen ruwa da ganye har kwana arba'in, a haɗa da kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Binciken da Davidson da Parry suka buga a 1978 a kan matan Zariya ya danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da tsananin zafi da gishirin kanwa, kuma wadda ta yi hawan jini a lokacin ciki ta fi kowa buƙatar kiyayewa. Mai jego ta yi wanka da ruwan da gwiwar hannu ke jurewa, ta rage kanwa, ta koma asibiti a kwana na uku, da tsakanin kwana 7 da 14, da kuma mako na shida. Haki, kumburin ƙafa, tari idan an kwanta, ciwon kai mai tsanani, jini mai yawa, ko zazzaɓi ga uwa ko jariri, kowanne ɗaya daga cikinsu dalili ne na zuwa asibiti a wannan rana ba tare da jiran ranar da aka rubuta a kati ba.