Amsoshin Tambayoyinku: Ina Aiki a Saudiyya, Iyalina Suna Kano, Wa Zai Karɓi Harajina?

TAMBAYA: Ni likita ne, shekara huɗu ke nan ina aiki a wani asibiti a Ɗa'ifa, ƙasar Saudiyya. Maiɗakina da yara suna Kano a gidan da na gina, ni kuma sau ɗaya nake zuwa a shekara, in yi wata guda da 'yan kwanaki in koma. Ina da shaguna biyu da na ba da haya. Tun da aka fara maganar sabuwar dokar haraji hankalinmu bai kwanta ba a nan. Wasu na cewa duk kuɗin da muka turo gida sai an yanka, wasu na cewa muddin mutum bai yi kwana 183 a Najeriya ba, babu ruwansa da kowa. Don Allah a warware mana.
Wani likita, daga Ɗa'ifa

AMSA: Likita, Allah ya taimaka, ya sa a gama lafiya. Duk maganganun biyu da ka ji akwai gyara a cikinsu, amma ta biyun ta fi ba ni tsoro, domin ita ce ke sa mutum ya saki jiki.

Bari mu fara kawar da mai sauƙin. Kuɗin da ka turo wa maiɗakinka na cefane, ko na makarantar yara, ko wanda ka aika wa mahaifiya, ba a ɗora masa haraji don kawai ya shigo asusun banki. Haraji a kan abin da mutum ya samu ake ɗora shi, wato albashi, ribar kasuwanci, kuɗin haya da makamantansu. Kyauta da ɗawainiyar iyali ba sa cikin wannan sahu. Shugaban kwamitin da ya tsara gyaran dokokin, Taiwo Oyedele, ya sha fitowa ya bayyana haka. Saboda haka ka ci gaba da aikenka ta banki hankali kwance. Hasali ma turowa ta banki ta fi maka alheri a kan ba wa mai zuwa Umara saƙo a hannu, domin tana bar maka shaida.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Najeriya, kamar yawancin ƙasashen duniya, ba da fasfo take kama mutum a harkar haraji ba, da zama take kama shi. Wanda doka ta ɗauka mazaunin ƙasa ne, ana bin sa harajin duk abin da ya samu, ko a Kano ya same shi ko a Jidda. Wanda ba mazauni ba kuwa, abin da ya fito daga cikin Najeriya kaɗai ake bin sa. Ke nan tambayarka gaba ɗaya ta koma guda: a idon doka, kai mazaunin Najeriya ne ko kuwa?

A da mutane sun saba da ma'auni ɗaya, shi ne kwana 183 a cikin wata 12. Wannan ma'auni yana nan, kuma ka lura ba sai kwanakin sun zo a jere ba, tara su ake yi, sannan wata 12 ɗin ba lallai daga Janairu zuwa Disamba ba ne. Ta wannan fuska kai ka tsira, hutunka bai ko kusa ba. Amma dokar harajin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta jera wasu hanyoyin bayan lissafin kwana. Daga ciki akwai mutumin da yake da gida na dindindin a Najeriya wanda ke buɗe gare shi duk lokacin da ya ga damar zama, da wanda yake da ƙwaƙƙwarar alaƙar dukiya da ta iyali na kusa a ƙasar, da jami'in jakadanci da ke wakiltar Najeriya a waje. Ba sai duka sun haɗu a kan mutum ba.

To, Likita, sake karanta wasiƙarka da wannan ido. Gida naka ne, kai ka gina shi, ɗakinka yana nan da kayanka, ran da ka sauka filin jirgin Malam Aminu Kano can za ka nufa ba masauki ba. Maiɗaki da yara suna ciki. Shaguna biyu suna kawo kuɗi. Jami'in haraji da ya ga wannan yana da abin kamawa, ko da kwana talatin kacal ka yi a ƙasar. Halinka ya sha bamban da na abokin aikinka da ya kwashe iyalinsa zuwa Saudiyya, ya sa 'yan haya a gidansa, ya zama idan ya zo hutu gidan yayansa yake sauka. Shi hujjarsa ta cewa ya bar ƙasa ta fi taka ƙarfi nesa ba kusa ba. Wannan ba hukunci na yanke maka ba, domin batun alaƙar iyali da dukiya auna hujjoji ake yi, ba ƙidaya ba. Sai dai ba zan ce maka ka kwanta ka yi barci a kan kwana 183 ba.

Abin da ya sa na matsa a nan shi ne ƙasar da kake. Saudiyya ba ta yankar haraji a albashi. Abin da kake biya can, irin harajin kashi 15 cikin ɗari na sayen kaya da kuɗin igama, wato takardar izinin zama, ba harajin samun kuɗi ba ne, ba za a lissafa maka su a nan ba. Ma'aikacin jinya da ke Ingila, idan ƙasashen biyu suka yi jayayya a kansa, yana da abin kariya iri biyu. Na farko, an riga an yanke masa haraji a can, kuma ƙa'ida ita ce a rage masa abin da ya biya daga abin da ake bin sa a gida. Na biyu, akwai yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu tsakanin Najeriya da Ingila, kamar yadda take da Faransa, Kanada, Sin da Afirka ta Kudu. Irin wannan yarjejeniya tana raba gardama daki-daki: ina gidansa na dindindin, idan yana da shi a ƙasashen biyu ina rayuwarsa da dukiyarsa suka fi karkata, sannan ina ya fi yawan zama, sai a ƙarshe a duba ɗan wace ƙasa ne. Kai kuwa da ba a yanke maka komai a albashi ba, babu abin da za a rage maka. Idan aka ce kai mazauni ne, albashin nan gaba ɗaya ya shiga lissafi.

Ga yadda lissafin yake a sabon tsari. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 ne, miliyan 9 na gaba kashi 18, sai miliyan 13 kashi 21, sai miliyan 25 kashi 23, duk abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Wanda abin da za a yi wa haraji nasa ya kai miliyan 50 cif, abin da zai biya naira miliyan 10 da dubu 430 ne. Ka canza riyal ɗinka na shekara zuwa naira ka gani da kanka ko wannan ƙaramar magana ce.

A ganina akwai tsauri a nan. Dubban 'yan Arewa da ke aiki a ƙasashen Larabawa sun bar iyali a gida ne saboda tsadar riƙe su a can, musamman tun da Saudiyya ta sa kuɗin wata-wata a kan kowane ɗan rakiya a 2017. Bai kamata wanda ya kasa ɗaukar iyalinsa ya fi wanda ya iya ɗauka shiga tarko ba. Ya dace hukumomin haraji su fito da bayani a rubuce, dalla-dalla, kan irin halinka.

Maganar shaguna kuwa ba ta da gardama. Jangali a inda shanu suka yi damina ake karɓarsa, ko ina mai shanun ya fito. Shago yana Kano, harajin hayarsa na Najeriya ne, kana mazauni ko ba ka. Haka ribar hannun jarin kamfanonin Najeriya, da ribar da ka samu idan ka sayar da fili. Idan kamfani ne ya kama shagon, yakan cire kashi 10 cikin ɗari ya miƙa wa hukuma da sunanka, to ka nemi takardar shaidar cirewar ka adana. Idan ɗan tireda ne da ke miƙa wa ƙaninka kuɗi a hannu, nauyin bayyanawa yana wuyanka.

Kada kuma wani ya ce maka ai ba wanda zai san abin da ke asusunka na waje. Ƙasashe sama da ɗari suna musayar bayanan asusun banki a tsakaninsu duk shekara, Najeriya da Saudiyya duk suna ciki. Shi ya sa banki ke tura maka fom yana tambayar ƙasar da kake biyan haraji. Kada ka cike shi da ka, abin da ka rubuta a can zai iya zama hujja a kanka.

Wani abu a taƙaice, tun da na san akwai masu zuwa haihuwa Amurka. Ita Amurka da fasfo take bin mutum. Duk ɗan ƙasarta, ko bai taɓa zama can ba, idan samunsa ya kai wani mataki dole ya riƙa cike takardar haraji. Boris Johnson, tsohon Firaministan Birtaniya wanda aka haifa a New York, sai da ya biya ta haraji kan gidan da ya sayar a Landan, daga baya ya ajiye zama ɗan ƙasar.

Abin da zan ce ka yi, Likita: ka tattara kwantiragin aikinka, igama, takardar hayar gidan da kake ciki a Ɗa'ifa, takardun albashi da shafukan fasfo masu hatimin shiga da fita, ka ajiye hotonsu wuri guda. Ka sa a riƙa rubuta rasit na kuɗin shaguna. Sannan a hutunka mai zuwa, ko ta waya ma kafin nan, ka zauna da ƙwararren akanta mai lasisin aikin haraji, ka faɗa masa komai yadda ka faɗa mini, ya duba matsayinka ya ba ka amsa a rubuce. Wa'adin miƙa bayanan samun kuɗi na shekarar da ta gabata 31 ga Maris ne, kada ka bari ya wuce ka. A gaida abokan aiki.