DARASIN WANNAN WATA: IN DIRAYA TA ƊAUKI ZAFI

Darasinmu na yau na mata ne masu sana'ar kitso da wankin kai. Amma maigida ma ya karanta, don gobara in ta tashi ba ta zaɓen ɗaki.

A Gusau da Tsafe da Bunguɗu, mata da dama sun sayi na'urar busar da gashi, wadda ake kira diraya. Kukansu ɗaya ne. Sai ta yi zafi har ba ta riƙuwa. Sai ta yi ƙauri. Wani lokaci ta mutu ana tsakiyar gyaran amarya.

Me ke cikin diraya? Akwai ƙaramar fanka a baya. Akwai siririyar waya nannaɗaɗɗiya a gaba. Lantarki na sa wayar ta yi zafi. Fanka kuma ta jawo iska, ta hura ta kan wayar. Iskar nan ce ke busar da gashi, ita ce kuma ke hana wayar ƙonewa. In iska ta ragu, zafi sai ya taru a ciki.

To, me ke tare iska? Ƙura da gashi. Juya dirayarki ki dubi bayanta, za ki ga 'yar raga. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura na cika ta. Man kitso ya haɗu da ƙurar, su zama danƙo. Sau da yawa cutar ke nan, ba wani abu ba.

Ga magani, 'yar'uwa. Fara zare fulogi daga bango. Kashe makunni kaɗai bai isa ba. Bari ta huce sarai. Sai ki sami tsohon buroshin haƙori busasshe, ki goge ragar. In ragar mai cirewa ce, cire ta ki karkaɗe. Gashin da ya maƙale, ciro shi da tsinke a hankali. Kada ruwa ya taɓa ta ko kaɗan. Lokacin hunturu da hidimar Salla, yi haka kowane mako. In kina aiki kuma, kada tafin hannunki ko gyale ya rufe bayan, kada ki ajiye ta kan katifa tana kunne.

A cikin diraya akwai wani ɗan ƙarfe, kamar mai gadi. In zafi ya yi yawa sai ya yanke wuta. In ta huce ya mayar. Saboda haka in ta mutu da kanta, ba lalacewa ta yi ba, gargaɗi take yi miki. Akwai kuma fis. Shi in ya ƙone, ya ƙone ke nan, sai an sa sabo.

Nan ne ake yin ɓarna. Wani mai gyara sai ya cire fis, ya haɗa wurin da guntuwar waya. Diraya ta tashi, kowa ya yi murna. Alhali an kori mai gadi ne. Kada ki yarda. Ki ce a sa sabon fis irin na da. In kin share raga amma fanka na ƙugi ko ba ta juyawa sosai, kai wa mai gyara. Kada ki buɗe cikinta da kanki.

Yanzu ga inda karatu zai yi miki rana. A jikin diraya akwai lambobi. Nemi harafin V. Wutarmu a Nijeriya 230V ce, don haka 220V zuwa 240V ya yi daidai. In kin ga 110V ko 120V kaɗai, ta Amurka ce. Akan same su cikin kayan gwanjo, kuma wutarmu ƙone su take yi. Ko da araha, bar ta.

Sai harafin W, shi ke nuna cin wuta. Yawancinsu na cin 1200W zuwa 2000W. Ƙaramin janareto da bai kai 1000W ba ba zai ɗauke ta ba. Siririyar wayar jona wuta ma haka. In kin taɓa waya ko fulogi kin ji zafi, zare nan take.

Aikin gida: a kwafe lambobin V da W na diraya, ko na dutsen guga, a littafin rubutu. A kawo aji a karanta wa malama.