Idan Fasto Ya Fi Kula da Masu Kuɗi

Karatu: Yaƙub 2:1-9

Ɗan'uwa, wataƙila wani naka a ikilisiyar Baftis ya kawo maka kuka: Fasto yana ziyartar masu kuɗi, amma gwauruwa ta yi ta jinya bai leƙa ta ba. Wannan ciwo ba na ɗarika ɗaya ba ne. Yaƙub ya ce zunubi ne a ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, a bar matalauci a tsaye.

Kada ka taya shi tsegumi. Ka shawarce shi ya sami Fasto su biyu kaɗai. In Fasto bai saurara ba, ya koma da mutum ɗaya ko biyu (Matiyu 18:15-16).

Kai fa, wa kake fara gaisarwa ranar Lahadi?

Addu'a: Ya Uba, ka raba mu da nuna bambanci, cikin sunan Yesu. Amin.