Darasi na Tara: Garin Antimoni da Matsalar Kalmar Kwalli

Gabatarwa

Wannan darasi ya yi bayani ne a kan siffofin garin antimoni da inda ake samunsa, sannan ya nuna wa ɗalibi haɗarin da ke tattare da fassara kalmar kimiyya ba tare da bincike ba.

Siffofinsa

Antimoni shi ne na 51 a jerin sinadarai, alamarsa kuwa ita ce Sb. Idan ya haɗu da iskar oksijin yakan haifar da wani farin gari mai alamar Sb₂O₃. Garin yana narkewa idan zafi ya kai digiri 656 a ma'aunin Salsiyos. Da ƙyar yake narkewa a ruwa, amma yakan narke a cikin asid ko alkali mai ƙarfi. Ana sanya shi cikin roba da yadi, tare da wasu sinadarai, don rage saurin kamawar wuta. Haka kuma yana shiga aikin gilashi da gorar ruwa ta roba.

Tushensa

Ana samunsa a ƙasa cikin ma'adinai biyu, wato balantinait da sanarmontait. Na biyun an fara bayyana shi ne daga Aljeriya a 1851. Sai dai mafi yawan wanda ake sayarwa ana samar da shi ne ta hanyar gasa dutsen istibinait, wanda ya ƙunshi antimoni da farar wuta. Ƙasar Sin ce ta fi kowa haƙo shi, kuma a 2024 ta taƙaita fitar da shi waje.

Antimoni da Kwalli

An saba fassara antimoni da kwalli ko tozali. Amma dutsen kwallin da ake sayarwa a kasuwannin ƙasar Hausa galibi galina ne, wato haɗin dalma da farar wuta. Dalma guba ce mai illa ga ƙwaƙwalwar yara, alhali kuwa jarirai ma ana zizara musu kwalli. Malamin da ya koyar da cewa kwalli antimoni ne ya ɓoye wannan haɗari. Saboda haka ya fi dacewa ya ari kalmar antimoni, ya bar kwalli ga abin kwalliya.

Tambayoyi

1. Kawo siffofi uku na garin antimoni.
2. Me ya sa kalmar kwalli ba ta dace da antimoni ba?