Yadda Ake Tsare Yara a Makaranta da Unguwa a Garin Bakin Iyaka

Duk wanda ya san Kalmalo ya san gari ne da Allah ya ajiye tsakanin ni'imomi biyu, ga tafki wanda ake noman rani a bakinsa, ga kuma iyakar ƙasa kusa, inda Illela ke kallon Birnin Konni, jama'a na shiga suna fita da dabbobi da hatsi da zumunci tun kafin Turawa su ja layi a tsakani. Amma hanyar da ke kawo falke da ɗan'uwa ita ce kuma ke kawo wanda ba a san asalinsa ba, kuma a wannan zamani na fitina, wanda ya fi kowa rauni a gari shi ne yaron da ya bar gidan ubansa da allo ko jaka a hannu. A watan Disamba na 2020, bayan an kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, gwamnatin Jihar Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 da ke yankunan iyaka, biyu daga cikinsu a Illela suke. Sannan a watan Maris na 2024 aka shiga Gidan Bakuso ta ƙasar Gada, maƙwabciyarmu, da tsakar dare, aka tafi da almajirai kimanin 15 daga tsangayarsu. Yaƙi da masu bindiga aikin hukuma ne, ba ni da ta cewa a kansa; abin da zan bayyana shi ne rabon talakawa, wanda asalinsa tsari ne da sanin juna.

Mataki na farko shi ne a zauna, da sanin hakimi da izninsa. Malamai sun koya mana cewa farillar kifaya tana faɗuwa daga wuyan jama'a idan waɗansu sun tsaya da ita, amma aibin da ke bin irin wannan farilla shi ne kowa ya ɗauka wani ya tsaya, har a wayi gari babu wanda ya tsaya. Saboda haka kada a tashi daga zaman sai an rubuta kowane aiki da sunan mai shi. A kira mai unguwa da liman da shugaban makarantar boko, da malaman allo da na Islamiyya, da shugaban 'yan kabu-kabu, da arɗon Fulanin da ke zaune a karkara, kuma lalle a sa mata biyu ko uku masu shekaru, domin abin da ke faruwa a cikin gidaje da bakin rijiya su ke fara jinsa tun kafin ya iso zaure. Inda makaranta ke da kwamitin iyaye da malamai, a ɗora aikin a kansa, ya fi a ƙirƙiri sabuwar ƙungiya mai shugaba da ma'aji da rigimar kuɗi.

Na biyu, a san adadin yaran. Wannan magana tana kama da wasa, alhali kuwa ita ce tushen sauran, domin wanda bai san yaransa nawa ne da safe ba, ba zai san an rasa ɗaya da yamma ba. A makarantar boko a kira suna sau biyu, da shigowa da kuma bayan tara, tunda a lokacin tara ne yara ke sulalewa. Yaron da aka ga babu shi, kuma iyayensa ba su aiko da uzuri ba, a tura gidansu a wannan sa'a, kada a jira gobe. A tsangaya kuwa, inda al'ada ba ta saba da rajista ba, malam ya sayi littafi guda ya rubuta, da ajami ko da boko, sunan kowane almajiri, da sunan ubansa, da garinsu, da lambar wayar wani nasa, ko da garin yana hayin Nijar ne. Ya bar kwafi ɗaya a hannun mai unguwa, ya kuma ƙidaya su bayan sallar isha'i da bayan asuba. Yaro amana ne a hannun malami, kuma ban ga yadda za a ce an riƙe amanar da ba a san yawanta ba.

Daga nan sai hanya. Manya biyu ko uku su bi ta da ƙafa, a lokacin da yara ke binta, suna lura da kango, da kwazazzabo, da gonar da gero ya rufe ta a damina, da rumfar da samari marasa aiki ke taruwa. In akwai wata hanyar da ta fi jama'a, a zaɓe ta ko da ta fi tsawo. Yaran unguwa ɗaya su riƙa tafiya a ayari, babba a gaba, babba a baya, a kuma nuna musu gidaje biyu ko uku da shago ɗaya waɗanda masu su suka yarda yaro ya faɗa ciki idan ya tsorata. A koya wa yaro cewa ba ya hawan babur ɗin wanda bai sani ba, ko da ya ambaci sunan ubansa, domin sanin sunan uba a ƙauye ba hujja ba ne. Malami kuma kada ya saki yaro ga ɗan aike sai ya ji muryar uba ko uwa. Ranar Lahadi tana son kula ta musamman, tunda ita ce ranar kasuwar Illela, motoci da baƙi sun cika hanya, makarantar boko tana rufe amma ta allo tana buɗe, 'yan mata kuma sun fita talla. In tallar ta zama dole, to su tafi biyu biyu, su dawo kafin la'asar ta yi sanyi, kuma kada su shiga ɗaki ko bayan rumfa don karɓar kuɗi. Kada kuma tsoron ɗan bindiga ya mantar da mu tafki, wanda idan ya cika yakan ci yaron da ya tsere daga aji don wanka.

Sai makarantar kanta. Inda ba a da ƙarfin katanga, darni ko shingen ƙaya ya fi babu, kuma aguwa, wadda manoman ƙasar nan suka daɗe suna shinge da ita, tana kamawa idan aka dasa reshenta, sai dai a gargaɗi yara da ruwanta, yana cutar da ido. Manufar shinge a nan ita ce a tilasta wa mai shigowa ya biyo ta ƙofa ɗaya inda za a gan shi, amma lalle a bar ƙofa ta biyu ta baya wadda ke buɗewa daga ciki, domin shingen da babu mafita tarko ne ga waɗanda ke cikinsa. A share ciyawa da sabara a kewaye, a sa fitila mai aiki da hasken rana a ƙofa.

Dare shi ne wurin da nake son mai karatu ya daɗe yana tunani. Yawancin kwasar ɗalibai da aka yi, daga Chibok a 2014 zuwa Ƙanƙara da Jangeɓe da Gidan Bakuso, da dare aka yi ta, a inda yara da yawa ke kwana wuri ɗaya. Kuma tsangaya, saboda neman fili da itacen wutar karatu, sau da yawa a gefen gari ake kafa ta, inda ita ce farkon abin da mai shigowa zai tarar. Abin da ya fi dacewa, a ganina, shi ne a raba wurin karatu da wurin kwana: a yi karatun dare a gama da wuri, sannan ƙolawa da titibirai su kwana a zaurukan gidajen tsakiyar gari, biyar nan, shida can, kowane rukuni da gardi ko magidanci guda da ke da alhakinsu. Wannan ba bidi'a ba ce, domin tun da can unguwa ce ke ciyar da almajiri, ba da masauki kuwa ɗan ƙari ne a kan tuwon dare. Na san waɗansu malamai za su ga kamar an rage musu iko a kan almajiransu, amma maslahar rai tana gaba da wannan.

A yi ittifaƙi kuma a kan alama ɗaya ta haɗari wadda ba ta kama da komai, kamar bugun ƙarfe sau uku uku, ko wata kalma a lasifikar masallaci, kowa ya san inda zai nufa idan ya ji ta, kuma a gwada da rana sau ɗaya a kowane zango, bayan an sanar da gari, don kada gwaji ya zama firgici. Kada a dogara ga waya kaɗai. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, kuma ko ba a katse ba, caji yakan ƙare.

Game da baƙo, kakanninmu sun riga sun gama tsarin: baƙo yana da mai masauki, mai masauki kuma yana kai shi gaban mai unguwa. A farfaɗo da wannan kawai, a haɗa da mai ba da hayar ɗaki da mai ɗaukar ɗan ƙwadago a lokacin noman rani, ba tare da wulaƙanci ba, domin a garin da da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a hayin iyaka, baƙunta ba laifi ba ce. Haka kuma wanda ya zo da alkawarin kai yarinya aikatau ko kai saurayi Agadas da Libiya, a kai maganarsa gaban hakimi kafin a amsa masa, domin wannan hanya ta Illela sananniya ce ga masu fataucin mutane.

Yanzu ga mataki mafi wuya, wato sintiri da kai labari. Sintirin unguwa ya zama da sanin 'yan sanda, da jerin sunaye da kwanaki, a haɗa dattijo da samari a kowane dare, kayan aikinsu tocila da usur da waya. Aikinsu su gani, su tayar da mutane, su sanar. Wanda aka kama da sata a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Mun ga inda akasin haka ya kai mu: a watan Oktoba na 2021 'yan sa-kai suka kashe mutane a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa, ba da daɗewa ba aka afka wa kasuwar Goronyo aka kashe fiye da mutum 40, har gwamnati ta haramta ƙungiyar; a 2024 kuma ta kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha, wadda ke ƙarƙashin doka. Mai son aikin tsaro ga ƙofa nan.

Kalmar infoma ta zama wuta a bakin mutane, kuma gaskiya ne ɓarayin daji ba sa shiga gari sai da ɗan gari. Amma sau nawa aka jefi mutum da ita saboda rikicin gona, ko bashi, ko neman aure? Shari'a ta umurce mu da tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi, ta kuma hana mu bin zato. Saboda haka a ware mutum biyu amintattu waɗanda ake kai wa labari a asirce, mai kawowa ya faɗi abin da idonsa ya gani, da wuri, da lokaci, ya bambanta shi da abin da ya ji a bakin wani. Su kuma su kai wa hakimi da babban jami'in 'yan sanda na Illela, ba tare da sunan mai kawowa ya fita ba. Kada a tattauna irin wannan a majalisar mai shayi, kada a watsa shi a WhatsApp. Alamun da suka cancanci a kai su ne irin sayen burodi ko man fetur ko katin waya mai yawa ana nufar daji da shi, ko baƙon da ke tambayar yawan ɗalibai da inda suke kwana.

Ƙananan laifukan unguwa, satar akuya da waya da injin ban ruwa, yawancinsu suna komawa ga ƙwaya da zaman banza. Mai sayar da ƙwayar a kai rahotonsa ga hukumar NDLEA, yaron da ya fara sha kuwa a nema masa magani da sana'a tun bai zama abin tsoro ba.

Akwai kuma cutar da ke zuwa daga wanda aka sani, maƙwabci ko ɗan'uwa ko ma mai koyarwa, wadda kunya ke sa a binne ta. Uwa ta saba wa ɗanta da hira bayan makaranta, ta lura idan ya ƙi wani wuri ko wani mutum haka kawai, kuma idan ya faɗi magana kada a fara da duka. In an keta haddin yaro ko yarinya, a kai asibiti cikin sa'o'i 72, domin a cikinsu ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau ke aiki, kuma akwai Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato da aka tanada don wannan; sulhun da ake yi a zaure a rufe magana, yaro na gaba ne ke biyan kuɗinsa.

In kuwa, Allah ya kiyaye, abin ya auku, to sa'ar farko ce ta fi tsada. A buga alama, a tattara yaran da suka rage wuri ɗaya, a buɗe littafin nan a ƙidaya, a fitar da sunayen waɗanda babu; mutum ɗaya ya kira 'yan sanda da soja mafi kusa da lambar gaggawa ta 112, wani ya sanar da hakimi, wani kuma ya kira dangi a garuruwan da ke kewaye har hayin Konni, ya faɗi kamannin yaro da tufafinsa. A hana samari bin sawu cikin duhu, a hana jama'a tattake wurin kafin jami'ai su iso, kuma a naɗa mutum ɗaya tak da zai riƙa magana da iyaye da hukuma. Lambobin wayar nan duka a rubuta su tun yau a bangon ofishin makaranta da cikin murfin littafin malam, a kuma sake gwada su duk farkon zango, domin jami'ai ana yi musu canjin wurin aiki.