Nazarin Kasuwanci: Bunƙasar Jaridar Wasanni Ta Titan A Ƙasar Sin

A shekarar 1988 ne hukumar wasanni ta lardin Hunan da ke ƙasar Sin ta kafa wata ƙaramar jarida mai fitowa mako-mako a birnin Changsha. Sunanta da Sinanci Titan Zhoubao, wato jaridar mako ta fagen wasanni, amma a ƙasashen waje an fi saninta da Titan Sports. A farkon al'amari kwafi 'yan dubbai kawai ake bugawa. Shekara 13 bayan haka, sai ga shi an sayar da kwafi sama da miliyan 2 na fitowa guda. Yadda aka yi hakan, da abin da ya biyo baya, abin nazari ne ga duk mai sayar da hajar da darajarta ta dogara da ƙarancinta.

Kafin a fahimci nasarar Titan, wajibi ne a san yadda kasuwar jaridu take a ƙasar Sin a wancan zamani. Doka ba ta yarda wani mutum ya mallaki jarida don kansa ba. Tilas kowace jarida ta kasance ƙarƙashin wata hukuma ta gwamnati ko ta jam'iyya. Yawancinsu kuwa ma'aikatu da masana'antun gwamnati ne ke biyan kuɗinsu na shekara, gidan waya ya rarraba. Editan da ya san an riga an biya kuɗin jaridarsa ba ya damuwa da ko an karanta ko ba a karanta ba. Sauye-sauyen tattalin arziki da Deng Xiaoping ya soma a 1978 su suka fara rage tallafin gwamnati, aka bar ƙananan jaridu su nemi abin kansu.

Titan ba ta da wata babbar hukuma da za ta tilasta wa ma'aikatu sayenta. Gabanta kuma akwai manya biyu: jaridar wasanni ta gwamnatin tsakiya da ke Beijing, wadda aka kafa tun 1958, da jaridar Zuqiu, wato Ƙwallon Ƙafa, da ta fara fitowa a 1980 daga Guangzhou, birnin da fataken Kano suka sani sarai. Don haka sai ta juya ga rumfunan sayar da jaridu na bakin titi, inda mai karatu ke zaro kuɗi daga aljihunsa. Mutumin da aka fi danganta wannan manufa da shi shi ne Qu Youyuan, wanda yake cikin jaridar tun kafuwarta, daga baya ya zama babban edita kuma shugabanta. Ya rage labaran tarurrukan jami'ai da na bukukuwan ba da lambar yabo, ya cika shafuka da abin da matasa ke nema: ƙwallon Turai, wanda talabijin ta ƙasa ta fara nuna musu, musamman gasar Italiya.

A nan ne dabarar kasuwancin take. Talabijin ta nuna wasa na minti 90, ta tayar da sha'awa, amma ba ta gamsar da ita ba. Mai kallo yana son sanin nawa aka sayi ɗan wasa, wa ya ji rauni, me koci ya ce. Babu intanet a gidaje, jaridun Turai kuma ba sa isa gare shi, ko da sun isa ba ya jin harshensu. Titan ta ɗauki ma'aikata masu jin harsunan Turai, ta ajiye wakilai a can, ta ƙulla yarjejeniyar musayar labarai da jaridu irin su L'Équipe ta Faransa. Bugu da ƙari, maimakon ta buga a Changsha ta loda a jirgin ƙasa, sai ta riƙa aika shafukanta zuwa maɗaba'u a birane da dama, a buga a lokaci guda. A ƙasa mai faɗin Sin, labarin wasan da ya kwana biyu a hanya ya zama tsohon kaya.

Kafa gasar ƙwararru ta cikin gida mai suna Jia-A a 1994 ta ninka kasuwar. Filaye suka cika, kowane babban birni ya sami ƙungiyarsa, jaridun wasanni suka yi ta ɓullowa. Titan ta ƙara yawan fitowarta har ta kai sau uku a mako, Litinin da Laraba da Juma'a, ko da yake ba ta sake sunanta na jaridar mako ba.

Shekarar 2001 ita ce ƙololuwar al'amarin. Kocin ƙasar Sin a lokacin shi ne Bora Milutinovic, wanda ya jagoranci Super Eagles a gasar cin kofin duniya ta Faransa a 1998. Akwai wata wakiliyar jaridar Zuqiu mai suna Li Xiang da kocin ya fi sakin jiki da ita, tana samun labaran da sauran ba sa samu. Ana dab da zagayen ƙarshe na wasannin share fage, Titan ta ɗauke ta a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura yuan miliyan 1. Mutane da yawa sun ɗauki wannan almubazzaranci, alhali lissafi ne mai sauƙi: ta sayi hajar da babu irinta a kasuwa, ta kuma raba babbar abokiyar gasarta da ita. Ranar 7 ga Oktoba, 2001, Sin ta ci Oman 1 da 0 a birnin Shenyang, ta sami gurbin zuwa gasar duniya karo na farko, aka yi wawason jaridar. A cikin watan ne kuma gwamnati ta soma cacar hasashen sakamakon wasannin Turai, abin da ya jawo wasu sababbin masu saye da ke neman bayani kafin su zuba kuɗinsu. Kamfanin ya yi amfani da ribar wajen kafa mujallu, ciki har da ta ƙwallon ƙafa da ta fara fitowa a wannan shekara.

Sai dai hajar da Titan ke sayarwa ba ita ke sarrafa ta ba. A gasar 2002 Sin ta sha kashi a wasanninta uku ba tare da ta ci ko ƙwallo ɗaya ba. Badaƙalar sayen alƙalan wasa da sayar da wasanni ta zubar da mutuncin gasar cikin gida, 'yan kallo suka ƙaurace. Shigar Yao Ming ƙungiyar ƙwallon kwando ta Houston Rockets a Amurka a 2002 ta ba jaridar sabon labari na wasu shekaru, amma ba ta toshe giɓin ba. A 2005 jaridun wasanni biyu da suka yi tashe, Nanfang Tiyu da Qiu Bao, suka rufe. Babbar matsalar ita ce shafukan intanet irin su Sina da Sohu, daga baya kuma wayar hannu, sun soma ba da sakamako da sharhi kyauta, nan take. Jaridar da ke rayuwa da kuɗin mai saye ta fi mai rayuwa da talla jin jiki idan abin da take sayarwa ya zama kyauta.

Akwai kuma rauni na cikin gida. Kamfanin ya girma kamar na 'yan kasuwa, amma a takarda mallakar hukuma ne, iko kuma ya taru a hannun mutum ɗaya. A 2009 aka tsare Qu Youyuan, daga baya kotu ta ɗaure shi bisa laifuffukan da suka shafi kuɗi.

Abin da ya saura wa Titan bayan raguwar ciniki shi ne sunanta da alaƙarta da ƙasashen waje, kuma da su ta ci gaba da nema. Ta buɗe shafin intanet da manhajar waya, wani babban editanta ya wakilci ƙasar Sin cikin 'yan jaridar da ke zaɓen gwarzon Ballon d'Or, sannan a 2013 ta ƙirƙiro lambar yabo ta gwarzon ɗan ƙwallon Asiya. Keisuke Honda na Japan ne ya fara lashe ta, Son Heung-min na Koriya ta Kudu kuma ya fi kowa yawan karɓarta.