Yadda Ake Ceto Hular Kwanon Soja Daga Tsatsa

Har yau manoman arewacin Faransa da yammacin Beljiyam idan sun yi huɗa, garma kan tono musu tarkacen Yaƙin Duniya na Ɗaya, ciki har da hulunan kwano da suka haura shekara 100 a binne. Iri uku aka fi samu: Brodie ta Ingila mai faffaɗan baki, da Adrian ta Faransa mai zanko, da Stahlhelm ta Jamus mai rufe ƙeya, wadda ta shiga fagen fama a Bardun ta Faransa a 1916.

Aikin yana farawa tun a gona. A Faransa doka ta hana tonon irin waɗannan filaye ba da izini ba, ga shi kuma bama-baman da ba su fashe ba suna nan kwance. In aka ga ƙashi kusa da hula, to kabari ne. Sai a janye hannu a kira 'yan sanda, su kuma su sanar da hukumar kula da kaburburan sojoji. In ita kaɗai ce, a ɗauki hotonta inda take, a rubuta wurin.

Babban maƙiyinta gishiri ne. Tsawon zamanta a ƙasa, gishirin ya shige tsakanin tsatsa da ƙarfen da ya rage. Da ta sha iska mai laima sai ya farka: ɗigon ruwa mai launin ɗorawa ya fara tsattsafowa, ɓawo ya riƙa ɗagowa yana zuba. Hular da ƙasa ta riƙe ƙarni guda tana iya wargajewa a kan kanta cikin 'yan shekaru. Don haka da an kawo ta sai a kulle ta a roba mai murfi tare da ƙwayoyin silika masu shanye danshi, a riƙe laimar ƙasa da kashi 15 cikin 100.

Sai shara, kuma a nan ne masu gaggawa suke ɓarna. Burushi mai laushi, da tsinken gora, da ƙaramar aska a ƙarƙashin tabarau mai ƙara girma, su ne kayan aikin. Burushin waya da injin goge ƙarfe ba su da gurbi. Ƙarƙashin lakar akwai abin da ba a mayar da shi in ya tafi: ragowar fenti, da hatimin masana'anta da lambar girma da Jamusawa ke bugawa daga ciki, da ankar jirgin ruwa a goshin wasu hulunan Adrian, alamar rundunonin mulkin mallaka na Faransa waɗanda 'yan Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a cikinsu. Wani lokaci har sunan mai ita, da ya rubuta da hannunsa a bakin ciki. A ganina wanda ya goge wannan don neman ƙyalli ya fi tsatsar ta'adi.

Daga nan sai a yanke shawara mai wuya. In babu fenti, babu fatar ciki, ana jiƙa hular a ruwan soda irin ta sabulu haɗe da sodiyam salfait, a rufe ruf. Duk bayan 'yan makonni a canja ruwan, a kashe kaifin sodar wanda aka zubar da asid, sannan a gwada shi da ɗigon silba naitret. In ya yi fari kamar madara, gishiri bai ƙare ba. Abin yakan ɗauki watanni, kuma sai da safar hannu da kariyar ido. Amma soda tana cinye fenti da fata. In suna nan, gara a haƙura da jiƙon a dogara da bushewa. Masu tara kayan tarihi kan tsoma hula a asid ɗin okzalik don fenti ya bayyana, sai dai wannan tsatsar sama kawai yake ɗaukewa, gishirin yana ciki.

Bayan ɗauraya da tataccen ruwa da busarwa sosai, wasu kan shafa ruwan tanin, sinadarin nan da ke cikin bagaruwar majema. Yana haɗuwa da tsatsa ya zama baƙin rufi mai kare ƙarfe, amma yana sauya launi, don haka ba a kai shi kan fenti. Ɓawon da ke ɗagowa a kafe shi da Paraloid B-72 da aka narkar a asetan, gam ɗin da masu gidajen tarihi suka amince da shi domin ana iya cire shi daga baya. A ƙarshe a bi da kakin Renaissance, shafa mara kauri. Ramin harsashi a bar shi yadda yake, ba ciko, ba sabon fenti.

Ajiyarta a kan matashi mai tallafe ta daga ciki, kada nauyi ya sauka a bakinta da ya riga ya yi rauni. Ba a taɓa ta da hannu tsirara, gumi ma gishiri ne. A riƙa dubawa akai-akai, a sauya silika in ya ƙoshi. Ranar da aka ga ɗigon ɗorawa ko garin tsatsa a ƙarƙashinta, a mayar da ita cikin roba a kira ƙwararre.